Mawaƙan zamani: Har yaushe za a ci gaba da sayar wa jama'a motsin baki?

A shagunan cajin waya na Bagwai da Kiyawa da Gadanya, ba a rasa yaro mai kwamfuta da ke tura wa mutane waƙoƙi a memori. Da kuɗi ƙalilan manomi zai koma gida da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker, duk a aljihunsa. Mai ban-ruwan tumatir a fadamar madatsar Watari yakan jingine wayarsa a kunya tana rera masa har ya tashi aiki. Matan aure kuwa sun haddace baitocin tun daga farko har ƙarshe.

To amma a tambayi wannan manomi yaushe ya taɓa ganin mawaƙin zamani ido da ido yana waƙa. Ko dai ya ce bai taɓa ba, ko ya ce sai lokacin yaƙin neman zaɓe, da aka kawo wani a bayan mota.

Ko a ranar ma, da wuya a ce waƙa ya ji. An ɗaure lasifika, DJ ya danna kwamfuta, muryar da aka naɗa a sitidiyo ta tashi, shi kuma mawaƙin yana riƙe da makirufo yana bin ta da baki, jefi-jefi ya ɗaga murya ya gai da masoya. 'Yan harkar suna kiran wannan mamin. Da janareta zai ɗauke, shi ke nan waƙa ta mutu. Haka abin yake a galibin bukukuwan aure na cikin birnin Kano, haka yake a wasannin Sallah da ake sayen tikiti a shiga. Akwai mawaƙan da suka fi ƙarfin wannan, amma al'adar ta yi yawa har ta daina ba kowa mamaki.

Mutumin Bagwai dai ba baƙo ba ne a harkar waƙar fili. Ya taso yana jin gangar noma a wurin gayya, ya ga makaɗan dambe da kokawa bayan kaka, kuma har yau yana zama a majalisin sha'irai lokacin Mauludi, inda mai bege ke rerawa da bakinsa, masu mandiri na bugawa, jama'a na amsawa. Ya san bambancin mai waƙa da mai motsa baki.

Yadda aka zo nan

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi fiye da shekara 50 yana yawo da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu a bakinsa, domin yana kallon taro ne yana ɗinka baiti: wane ya shigo, wane ya yi kyauta, wane ya noƙe. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake tsayar da taro. Barmani Choge da ƙwaryarta, Haruna Uji da gurminsa, Ɗanƙwairo da kotso, duk a gaban mutane suka yi suna, daga baya rediyo da kaset suka ɗauka suka yaɗa.

Mawaƙin yau ta wata ƙofa ya shigo. A ƙarshen shekarun 1990 fina-finan Hausa suka buɗe kasuwar waƙar fiyano, sitidiyo suka yawaita a Kano, musamman wajen titin Gidan Zoo. Mawaƙi ya rubuta baitinsa, ya rera a ɗaki, mai kiɗa ɗaya ya haɗa masa komai a Yamaha, jarumi kuma ya hau waƙar a fim yana motsa baki. Wato mamin tare aka haife shi da sana'ar. Da kwamfuta ta zo da na'urar gyaran murya, sai aka samu masu suna da ba su taɓa rera minti 10 a jere ba tare da an tsaya an gyara ba.

Ba a raina abin da suka yi ba. Su suke rubuta waƙoƙinsu, kuma a cikinsu akwai masu azanci na gaske. Aminu Ala ya nuna cewa ana iya ɗora tsararriyar Hausa a kan fiyano ba ta zube ba. Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika wayoyi a 2020, lokacin kullen korona, ba tare da wani kamfani ya tallata ta ba. Matsalar tana wurin da kuɗin ke fitowa.

Wa ke biyan mawaƙi?

Kuɗin da manomin Bagwai ya ba mai tura waƙa, ko kwabo ba ya isa hannun mawaƙi. Kasuwar faifan CD ta mutu. YouTube na biya, amma abin da ake samu daga masu kallo a Najeriya da Nijar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Turai. Saura abu biyu: biki da siyasa.

A biki, amarya waƙar da aka sa sunanta take so ta ji, daidai yadda take a waya, ango kuma ya fito ya yi liƙi a ɗauki hoto. Ba wanda ya biya don ya ji gwaninta. Liƙin ma yanzu da fargaba ake yin sa, domin dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, kuma EFCC na gurfanar da mutane a kansa.

Siyasa ta fi tsoka, ta kuma fi haɗari. Dauda Kahutu Rarara ya zama attajiri da waƙar siyasa, amma a watan Maris na 2023, bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamnan Kano, an kai wa gidansa hari. Naziru M. Ahmad, da aka naɗa Sarkin Waƙar Sarkin Kano, hukumar tace fina-finai ta sa an kama shi a 2019, a tsakiyar rikicin gwamnati da masarauta. Aminu Ala ya ɗanɗana irin wannan tun 2009. Duk wanda cinsa da shansa ke hannun mutum ɗaya, to ranar da iska ta juya, da shi za ta juya.

Abin sha'awa, Rararan ne da kansa ya nuna akwai wata hanya, ko da ba da niyya ba. A 2020 ya nemi masoyan Buhari su turo naira 1,000 kowanne kafin ya sake yi masa waƙa, kuma miliyoyi suka taru. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma abu ɗaya ya tabbata: talaka na iya sa hannu a aljihu saboda waƙa. Sai dai ba a cika kawo masa abin da ya cancanci kuɗin nasa ba.

Uzurin da ake bayarwa

Mawaƙa za su ce ɗaukar makaɗa biyar da 'yan amshi uku tsada ne, ga mota, ga kayan sauti, ga neman izini, ga tsoron kada a ce an yi cakuɗa maza da mata a rufe wuri. Duk gaskiya ne. Kano ba ta da wadatattun zaurukan da aka gina don kiɗa, kuma mai shirya wasa kullum a ɗar-ɗar yake.

Amma Nijar ba ta fi Najeriya kuɗi ba. Tun 1987 take shirya gasar Ɗan Gurmu, inda ƙungiyoyi ke hawa dandali da kayan kiɗansu, kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Ƙungiyar Tal National ta yi suna ne da kaɗa wa jama'a na sa'o'i a Yamai, daga nan ta kai Turai da Amurka. Bombino ɗan Agadas ya shiga jerin 'yan takarar Grammy a 2019. Masu shirya manyan bukukuwan kiɗa na duniya ba sa gayyatar mutum ya zo da memori. Shi ya sa waƙar Hausa ta zamani, duk da miliyoyin masu sauraronta daga Kano zuwa Kumasi zuwa Sudan, da wuya a gan ta a irin waɗannan wurare.

Kuma ba dole sai an fara da babban zaure ba. Bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannun manomi, filin makarantar firamare a Bagwai ko Shanono ko Bichi ya isa. A yi da rana, a keɓe wa mata ɓangarensu, a nemi yardar hakimi, a sa kuɗin shiga daidai ƙarfin mutane. Mai fiyano ɗaya, mai kalangu biyu, 'yan amshi biyu. Masu dambe sun daɗe suna tara jama'a a irin waɗannan garuruwa da kuɗin ƙofa, sha'irai ma ba su fasa zuwa ba. Mawaƙin da zai iya tsayawa awa guda yana rerawa, ya sa sunan garin a baiti nan take, ya gyara idan ya yi tuntuɓe, ya samu abin da ba mai tura masa a memori.

Wasu ba za su iya ba, kuma filin zai tona su. Wannan ma amfani ne ga waɗanda suka iya, don yanzu mamin ya sa gwani da ɗan koyo duk farashinsu ya dogara ga yawan mabiya a TikTok.

Zaɓen 2027 zai sake kawo motoci masu lasifika Bagwai, mawaƙa a tsaye a bayansu. Za a kunna waƙa, a ɗaga hannu, a wuce Shanono kafin la'asar.