Babbar Taya a Ƙafar A-kori-kura: Wa Zai Biya Bashin Ƙarfi?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara na Babura da Gwiwa, ko ya ratsa ƙauyukan da ke bayan duwatsun Kazaure da Roni, ya san cewa a-kori-kura ce jakar wannan zamani. Ita ke kwaso gero da riɗi da gyaɗa daga gona, ita ke kai awaki kasuwa, wani lokaci ma ita ke ɗauko mai naƙuda cikin dare. Ƙasar yankin kuwa iri biyu ce: a wajen Babura yashi ne mai haɗiye taya, a wajen Kazaure da Roni tsakuwa ce da hawa da gangara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne direba ya cire tayoyin da kamfani ya sa wa motarsa, ya ɗaura waɗanda suka fi su tsayi da faɗi, don ya ɗaga cikin motar daga ƙasa. Niyyar mai kyau ce. Amma wanda ya canja taya ya bar giyar aksul yadda take, ya yi rabin aiki ne, kuma rabin da ya bari shi ne mai tsada.

Dalilin yana cikin wata doka da Arkimidis na Girka ya bayyana tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wato dokar sandar ɗaga kaya: abin da aka samu na nisa, a ƙarfi ake biyansa. Halittu sun riga makanikai aiki da ita. A dubi barewa. Ƙafafunta dogaye ne sirara, jijiyoyin da ke jan su suna maƙale kusa da gaɓa, don haka ɗan motsin tsoka kaɗan sai ya wurga kofato nesa. Gudu ke nan. A dubi dabgi kuma, mai haƙar shuri da dare. Hannuwansa gajeru ne masu kauri, ƙashin gwiwar hannunsa ya miƙo baya sosai, ya ba tsoka wurin kamawa mai nisa daga gaɓa. Ba zai tsere wa barewa ba har abada, amma yana fasa ƙasar da sai an sa diga. Taya ma ƙafa ce. Nisan da ke tsakanin tsakiyarta da ƙasa shi ne tsawon ƙafar. Wanda ya ƙara wa mota tsayin taya ya ba ta ƙafar barewa, alhali aikin dabgi yake nema a wurinta.

Ga lissafin, kuma ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya binsa da fensir. Taya mai lamba 205R16, irin da aka daɗe ana gani a ƙafar Hilux, tsayinta kusan milimita 734 ne. Mai lamba 265/75R16, wadda ake sha'awa don cika ido, tsayinta kusan milimita 804. In aka ninka kowanne da 3.14, za a ga ta farko tana cin mita 2.30 a juyi ɗaya, ta biyu tana cin mita 2.52. Bambancin ya haura kashi 9 cikin 100. Injin bai ƙara ƙarfi ba, giyabos bai canja ba, saboda haka ƙarfin da ke tura ƙasa ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100. Me aka samu a madadin haka? Ƙwaryar aksul ta ɗaga daga ƙasa da milimita 35 kacal, wato rabin bambancin tsayin, abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

A kan kwalta, mota ba kaya, direba ba zai ji komai ba. Ƙila ma ya ji daɗi don injin ya rage kuka. Sai ranar da ya yi lodin buhuna ya tunkari hawa ko ya shiga yashi. Nan zai ga giya ta ɗaya ta yi nauyi, sai ya riƙa taka kuloci rabi-rabi yana ba da wuta kafin motar ta motsa. Kowane irin wannan tashi yana ƙona farantin kuloci. A kan hanya kuma giya ta biyar takan kasa riƙe motar, sai a koma ta huɗu, ko a danne totur har ƙasa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu mai motar haya da ke da sararin yin wasa da irin wannan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne birki da agogon gudu. Agogon ba ya ganin ƙasa; juyi yake ƙirgawa, ya ɗauka tayar kamfani ce ke ƙafar. In ya nuna kilomita 100 a awa, motar tana kusa da 110. Ƙarfin da ke tattare da abu mai gudu kuwa yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, don haka wannan ɗan ƙari ya zama kusan kashi 20 cikin 100 na aikin da birki zai yi. Shi birkin kuma dokar nan ta sanda ta riga ta rage masa kamu, domin doguwar taya ta fi wuyar tsayarwa. Ga motar ta ƙara tsayi, ga kaya an jibga har sama, ga mutane a kan kayan. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure ba wurin gwada irin wannan haɗi ba ne.

Maganin yana cikin ƙwaryar aksul. A ciki akwai ƙarafa biyu masu haƙora: ƙarami, wanda farfela ke juyawa, da babba mai kama da faifai, wanda ke juya ƙafafu. In babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, farfela za ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Don a mai da wa mota ƙarfinta, sai a ninka 4.10 da 1.095, a sami 4.49. Mafi kusa da wannan a cikin waɗanda ake ƙerawa shi ne mai haƙora 41 da 9, wato 4.56. A giyar da injin da farfela ke juyi daidai da juna, mota mai gudun kilomita 80 tana juya injinta kusan sau 2,370 a minti da tayar kamfani. Da babbar taya ya faɗo zuwa 2,160. Bayan an canja haƙoran ya koma 2,400, kusan inda masu ƙera shi suka nufa. A tsofaffin motocin da agogonsu ke karɓar juyi daga giyabos, wannan gyara yana daidaita agogon ma. Amma mai karatu ya lura: birki ba ya amfana da shi ko kaɗan, tunda a jikin ƙafa yake kamawa.

Aikin ba na kowane gareji ba ne. Ƙarafan nan biyu tagwaye ne, tare ake goge su a masana'anta, ba a ɗauko ɗaya daga wannan gwanjo a haɗa da na wancan. Ratar da ke tsakanin haƙoransu ba ta kai rubu'in milimita ba, sai da agogon awo ake saita ta, sannan a shafa fenti a haƙoran a juya, a ga inda suke cizon juna. In an yi da ka, aksul zai fara kuka, ya yi zafi, ya ci kansa cikin 'yan watanni. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa dole a canja gaba da baya su zama lissafi ɗaya, in ba haka ba aksul biyu za su riƙa kokawa da juna har wani abu ya karye a tsakani. Kuɗi ninki biyu ke nan.

To, in an haɗa kuɗin tayoyi da na haƙora da ladan gwani, yawancin masu a-kori-kura a wannan yanki kwalliya ba za ta biya musu kuɗin sabulu ba. Mai fama da yashin Babura ya dubi raƙumi. Abin da ke hana shi nutsewa tafin ƙafarsa ne mai laushi, wanda ke bajewa in ya taka, nauyi ya rarrabu. Rage iskar taya kafin a shiga yashi yana yin wannan aikin, domin tayar tana shimfiɗuwa a ƙasa, da sharaɗin a tafi a hankali kuma a mai da iskar da zarar an hau kwalta. Famfon ƙafa ɗaya a bayan kujera ya fi tayoyi huɗu araha. Wanda aikinsa ya tilasta masa babbar taya, kamar mai shiga kwazazzabai da damina, shi ne ya kamata ya sa kuɗin canja haƙoran a cikin kuɗin tayar tun ranar ciniki.

Malaman kimiyya na sakandaren yankin suna da ɗakin gwaji a kowace tasha, ga kuma sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ana iya gano lissafin aksul ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba. A kashe injin, a sa giya a firi, a tokare sauran ƙafafun da duwatsu, a ɗaga ƙafar baya guda ɗaya da jak. A yi alama da alli a jikin tayar da jikin farfela. Ɗalibi ɗaya ya juya tayar sau biyu cif, wani ya tsuguna daga gefe, ba a ƙarƙashin motar ba, yana ƙirga juyin farfela. Sau biyu ake juyawa domin ɗayar ƙafar tana ƙasa, sai giyar da ke raba juyi tsakanin ƙafafu ta ninka wa wadda ke sama gudu. In farfela ta yi huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10 ce, in ta yi huɗu da rabi, 4.56 ce. Daga nan sai a auna zagayen tayar da igiya, a kwatanta da lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba.