Tabbacin Gafara A Bakin Abokin Aiki: Me Ɗan Uwa Ya Fahimta?

Duk wanda ya taɓa aikin kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya san cewa muhawarar addini ba ta jiran malamai. A bakin ƙofar kamfani ake yin ta, ko a teburin mai shayi, ko lokacin da ake jiran a maido da wuta injina su tashi. A nan ne matashi Musulmi kan ji abokin aikinsa Kirista, wanda suke ɗaga dila ɗaya, ya ce shi kam an riga an gafarta masa zunubansa, ya sami ceto, ko yau ya mutu ya san inda za shi. Sai ɗan uwa ya yi dariya, ko ransa ya ɓaci, ya ce ai waɗannan lasisin saɓo aka ba su. To, wannan amsa ta gaggawa ita ce abin dubawa, domin kuwa ta kauce wa abin da mutumin yake nufi, kuma wanda bai san maganar abokin muhawararsa ba, da inuwa yake dambe.

Ga yadda aƙidar take a wurin masu ita. Sun tafi a kan cewa saɓon da Annabi Adamu (AS) ya yi ya shafi zuriyarsa baki ɗaya, har ya zama ɗan Adam ba zai iya wanke kansa da aikinsa ba komai yawansa. Suka ce Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS), ya mutu a kan gicciye ya ɗauke wannan hukunci a madadin mutane, abin da suke kira fansa. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi ya sami ceto, kyauta, wadda a Hausar coci ake ce wa alheri. Saboda haka idan lebura Kirista ya ce yana da tabbaci, a ganinsa alkawarin Allah yake riƙe da shi, ba nagartar kansa yake yabo ba.

Kuma ya kamata a sani cewa su kansu Kiristoci ba su haɗu a kan wannan mas'ala ba. Martin Luther, wanda ya ta da ƙayar baya ga cocin Roma a Jamus a 1517, shi ya ƙarfafa cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum. Cocin Katolika kuwa, a babban taronsa na Trent da aka yi tsakanin 1545 da 1563, ya ƙi yarda mutum ya yanke wa kansa tabbacin tsira, kuma har yau ɗan Katolika yakan je wurin fada ya furta laifinsa. Ɗan ECWA da ɗan Katolika da ɗan sababbin coci-cocin nan masu maganar sabuwar haihuwa, kowa da yadda yake bayani. Wanda ya zuba su a tukunya ɗaya bai yi adalci ba.

Batun lasisin saɓo kuma, littafinsu da kansa ya rufe wannan ƙofa. A wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 6, an yi watsi da tunanin ci gaba da zunubi don an sami gafara, wasiƙar Yakubu kuma ta ɗauki imanin da babu aiki a matsayin gawa. A Linjilar Luka, sura ta 19, akwai labarin Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, wanda da ya tuba ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Shin wannan yana nufin babu saɓani ke nan? Akwai, kuma babba ne. A Musulunci Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, ba a gadon zunubi, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta kore cewa an kashe Annabi Isa ko an gicciye shi. Mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata, ba ya yanke ƙauna daga rahamar Allah, ba ya kuma amince wa kansa har sai ya ga ƙarshensa. Tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin saɓon nan take, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan idan akwai haƙƙin wani a mayar masa. Ɗan uwa zai iya faɗar wannan duka ga abokin aikinsa a fili, da hujja, cikin natsuwa, ba tare da zagi ba. Manzon Allah (S) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, aka tattauna a kan Annabi Isa, suka koma gida lafiya da addininsu.

Abin da ya sa maganar ta wuce hirar shayi shi ne Kano ta ga inda jahilci da fushi suke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka masu yawa. A watan Mayu na 2004 kuma, bayan kisan gillar da aka yi wa ɗaruruwan Musulmi a Yelwan Shendam, ramuwar gayya ta ɓarke a Kano, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 200, kuma Sharaɗa na cikin unguwannin da abin ya fi muni. Me leburan da ya zo cin abinci daga Binuwai ko Kudancin Kaduna ya sani game da Yelwa? Wace aya ce ta halatta jininsa? Wanda aƙidarsa ta ce wani ba ya ɗaukar laifin wani, shi ya fi kowa cancantar ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa ya kare shi a irin wannan rana.

A nan ne tambayar take dawowa kan ɗan uwa. Yana yi wa Kirista dariya don ya ce an gafarta masa, alhali shi ma yana iya dogara da cewa ai shi Musulmi ne, istigfari a baki ya wadatar, ga kuɗin adashen abokan aiki a wuyansa, ga kayan kamfani da ya fitar a ɓoye, ga ƙazafin da ya yi wa wani wurin manaja har aka kore shi. Wannan ma wani tabbacin ne, kuma babu malamin da ya ba shi. Haka nan mai kamfanin da yake riƙe ma'aikata shekara da shekaru a matsayin 'yan wucin gadi, yana danne musu kuɗin ƙarin lokaci, sahun farko a masallaci ko kujerar gaba a coci ba za ta sauke masa wannan nauyi ba.

Don haka idan abokin aiki ya sake cewa ya sami ceto, ɗan uwa ya saurara har ya gama, ya tambaye shi abin da bai gane ba, sannan ya bayyana nasa da ilimi. Bayan nan ya koma gida ya lissafa haƙƙoƙin da ke kansa tun kafin a lissafa masa. Allah ya ganar, ya sa a cika da imani. Wassalam.