Mai Dabba Ba Shi da Hutu

A ƙauyukan ƙasar Hausa da wuya a shiga gida ba a tarar da akuya ko tunkiya a turke ba, ga kuma kaji suna tono a gindin rumbu. Waɗannan dabbobi su ne asusun talaka. In an yi haihuwa, ko ciwo ya zo, ko hatsi ya ƙare, su a kan kai kasuwa. Duk da haka waɗansu suna cewa ƙaramar dabba ba ta bukatar kula, wai a sake ta kurum, ita ta san inda za ta ci. Wannan babban kuskure ne. Dabba tana da hakki a kan mai ita, kuma kowane lokaci na shekara yana da irin nasa aikin.

Da damina ciyawa ta kan yawaita, amma sa'an nan ne a ke ɗaure awaki da tumaki don kada su yi ɓarna a gonakin mutane. Dabbar da ke ɗaure kuwa ba ta da abinci sai wanda aka kawo mata. Saboda haka dole a ɗauki lauje safe da yamma a yiwo mata ciyawa. Akuya ba ta son dukan ruwa, sai a yi mata rumfa. A riƙa share turke kullum, gama danshi shi ke kawo tsutsar ciki da ciwon kofato. Kashin da aka share ba abin zubarwa ba ne, taki ne na gona.

Da kaka manomi ya kan cika rumbunsa. To, ya kamata ya tuna da rumbun dabba kuma. In an cire gyaɗa an roro wake, sai a shanya harawa ta bushe, a ɗaure ta dami dami, a ɗora bisa rumfa inda gara ba za ta kai ba. A adana ƙowar wake da dusa. Abincin bazara da kaka a ke tara shi.

Da hunturu iska mai sanyi ta kan kama 'yan awaki, sai a kange makwancinsu da zana. A lokacin nan ne kuma annobar kaji ta fi tashi, har ta kan share akurki duka cikin 'yan kwanaki. Tun 1924 akwai ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, inda a ke haɗa magungunan rigakafi. Mai hankali ya kan nemi malamin dabbobi tun ciwo bai shigo ba, gama rigakafi ya fi magani.

Da bazara a ke gane wanda ya yi tanadi. Ƙasa ta bushe, rana ta yi zafi, harawa ta yi tsada. Mai kula ya kan kwance daminsa, ya tsinto 'ya'yan gawo, ya ba da ruwa mai tsabta da ɗan kanwa. Dabbar rago kuwa sai ta bi juji tana cin leda, ledar ta cushe mata ciki, ta rame, wani lokaci ta mutu. Akuya ta kan yi wata 5 da ciki, sau da yawa ta haifi biyu. Uwar da ba ta ƙoshi ba, ina za ta sami nonon ba su? Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi fatarta ta yi suna tun zamanin ayari, har ƙasashen Turai. Dabba mai daraja haka ba ta cancanci a bar ta a juji ba.

Hanya mafi kyau ita ce a ba kowane yaro dabbarsa, ko da kaza ɗaya ce. Yaron da ya jira kwana 21 kazarsa ta ƙyanƙyashe ya koyi haƙuri. Wanda kuma ba ya karya kumallo sai akuyarsa ta sha ruwa ya koyi tausayi da riƙon amana. Irin wannan yaro, in ya girma, ana iya ba shi riƙon gida hankali kwance.