Birki ba ya tsinkewa sai ya yi sallama

Kai da ka saba ganin hoton mota a kife a Facebook, ka rubuta "Allah ya jiƙansu" ka wuce, ɗan tsaya mu yi magana. Addu'a kam dole ce. Amma sau nawa ka ji babbar mota ta yi ɓarna tsakanin Koko da Yawuri, ko can gaba wajen Kontagora, aka ce wai birki ne ya tsinke? Sai ka ce igiyar guga. Birki yakan yi makonni yana kuka kafin ya tafi, mu ne dai ba ma saurare.

Kada ka ɗora wa tsufa laifi. Cikin motocin da ke kwasar albasa, shinkafa da busasshen kifi daga Shanga, Yawuri da Wara, akwai Kanta da ta girme ka, kuma inda aka ce ta tsaya nan take tsayawa, don mai ita ba ya wasa da gyara.

Idan motar mai birkin mai ce, ƙafarka za ta gaya maka. Ka taka ka riƙe. In fedar tana nutsewa a hankali har ƙasa, ko robobin masta sun gaji, ko mai na yoyo. In ta yi laushi kamar soso, sai an yi ta famfo kafin ta kama, iska ta shiga bututu, a je a fitar da ita. Leƙa bayan kowace taya da safe: danshin mai a jikin ganga yoyo ne, kuma takalmin birkin da ya sha mai canji yake so, wanki ba ya yi masa. In kuwa motar na fizga gefe guda duk sanda aka taka, ƙafa ɗaya ce ke aikin biyu.

Sai babban abin takaicin, ruwan omo. Mai ya ƙare a hanya, a kaɗa omo a zuba, a ce "zai kai mu gida." Zai kama a tasha, shi ya sa ake yarda da shi. Amma ruwa na tafasa a digiri 100, sabon man birki mai lamba DOT 3 kuwa sai ya haura 200. Da lodi ya yi nauyi, ganga ta ɗau zafi, ruwan ya zama tururi, sai feda ta tafi ƙasa fayau. Ga tsatsar da yake bari a ciki. Baƙin mai ma ba mafita ba ne, kumbura robobi yake yi.

Masu birkin iska, irin su DAF, nasu ya fi sauƙin ganewa. A tsiyaye ruwan tankin iska kullum. A bari geji ya cika kafin a motsa. A kashe inji a kasa kunne, in ana jin tsiii, akwai inda take fita. Toshe bututun ƙafar da ke yoyo don a ci gaba da tafiya, da sakin mota a firi a gangare don tattalin gas, duka biyun caca ce da ran mutanen da ke zaune kan buhuna.

Wa ke fara ganin duk wannan? Kai ne, yaron mota. Kai ke shiga ƙarƙashi, kai ke gudu da waigi a hannu saboda kowa ya san birkin hannu ya mutu tun bara. Na san faɗa wa oga gaskiya da wuya, bare in shi ma mai motar na matsa masa da balas. Amma a watan Mayun 2021, da jirgin ruwa ya nutse da mutane a kusa da Wara, duk mun cika intanet da tambayar me ya sa ba wanda ya yi magana tun a bakin ruwa. Tashar mota ma bakin ruwa ce.

In ka ga danshi a ganga gobe da safe, ɗauki hotonsa da wayar nan taka, ka nuna wa oga tun ba a ɗora buhun farko ba. In ya ce a bari sai an dawo daga Kontagora, tura wa bakaniken da ke duba motar, ka ce ya kira shi da kansa.