Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kamfanonin Rarraba Wutar Lantarki, Game Da Falwayar Da Aka Bari A Ƙofar Gida

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda, a zatona, ƙanƙantarta ce ta sa har yau ba a sami wanda ya waiwaye ta ba.

A ƙofar gidana akwai wata falwaya ta katako da aka kafa tun ina yaro, wadda ta ɗauki wayoyin unguwarmu shekara da shekaru ba tare da wani ya taɓa kuka da ita ba. Da lokacin sabunta layi ya zo, aka kakkafa na kankare a ɗaya gefen hanya, aka mayar da wayoyi kansu, sai ma'aikata suka ɗauki tsaninsu suka ce gobe za su dawo su tuge ta. Damina uku ke nan goben nan ba ta waye ba. Gara ta cinye gindinta, ruwa ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da ita, ta sunkuyo wajen zaure, har ya zamana duk daren da hadari ya taso da iska sai in kwashe almajiran da ke kwana a ciki in mayar da su cikin gida. Ranar da aka yi mana rasuwa kuwa, sai da masu ɗaukar makara suka karkace kafin suka iya fita, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Na je ofis aka ce aikin ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya ce takardarsa ta umurce shi ya kafa, ba ta ambaci tugewa ba. A ƙaramar hukuma aka ce ba kayansu ba ne. Ni kuma ba ni da ikon sa mata gatari, domin doka ta haramta wa mai gida taɓa kayan lantarki, kuma haramcin yana kan hanya, tun da wanda bai san aikin ba yana iya kayar da ita a kan sabon layi ko a kan ɗan maƙwabci.

To, ranku ya daɗe, ga inda nake ganin hujja ta hau kanku. Sha'anin wutar lantarki ya sauya hannu sau da yawa: daga ECN zuwa NEPA a 1972, daga NEPA zuwa PHCN a 2005, sa'an nan a watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, guda goma sha ɗaya da aka yanka wa ƙasar nan. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san cewa ba a raba gado sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa. Na san lauyoyinku za su ce ciniki aka yi, ba gado ba, amma ƙiyasin bai ɓaci ba, domin wanda ya karɓi waya da taransifoma da mita, yana kuma aiko mana da takardar kuɗin wuta kowane wata, ba ya halatta a gare shi ya zaɓi mai kawo riba ya yi watsi da matacciyar falwaya, alhali a damƙa ɗaya aka ba shi su.

Shawarata ita ce, duk kwangilar sabunta layi a rubuta a cikinta ƙarara cewa tuge tsohuwa da cike raminta suna cikin aikin, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai mai unguwa ya sa hannu ya shaida an yi. Maganar ramin ba wasa ba ce, gama gindin falwaya yakan nutse ƙasa kusan tsayin mutum, kuma kafin a cike shi akuya ko yaro ne zai fara gano shi. Waɗanda aka riga aka bari kuwa, ku sa masu zagayawa raba takardun kuɗi su rubuto muku su, tun da babu lungun da ba su shiga, a yanka wa kowace wa'adi, a fara da waɗanda suka karkata kan gidaje da makarantun allo.

Tawa dai, in motarku ta zo, mutum huɗu da igiya sun ishe ta, kuma samarin unguwa sun ce za su kama. Ina roƙon a zo kafin ruwan farko ya sauka.