Mari Ba Ya Raba Mutum da Ƙwaya: Ku Bar 'Ya'yanku Su Karanci Aikin Walwalar Jama'a

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, muhawara iri ɗaya ake maimaitawa a gidajenmu. Yaro ko yarinya su ce suna sha'awar karanta aikin walwalar jama'a domin su taimaki masu fama da shaye-shaye, sai uba ya haɗe rai ya ce: "Duk kwasa-kwasan duniya ka rasa na zaɓa sai na zama da 'yan ƙwaya?" A lissafinmu karatu uku ne kacal: likita, lauya, injiniya. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin irin gidajen da ke raina wannan karatu su ne ke zuwa asibiti da tsakar dare, ido jawur, suna neman wanda ya karance shi.

Mu fara da girman matsalar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan kashe zafi ne suke sha ba bisa ƙa'ida ba, musamman tramadol da kodin. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari. Kuma a duk mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A ɗaya ɓangaren, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba. Ko da kowannensu zai kwana a tsaye yana duba marasa lafiya, ba za su iya da wannan taro ba.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a asibiti, don haka ba ni ne zan raina magani ba. Amma wajibi ne in faɗi iyakarsa. Wanda jikinsa ya saba da tramadol ko kodin, idan ya daina sai ya shiga wahala: ciwon gaɓɓai, gumi, zawo, amai, rashin barci da rashin natsuwa. Muna da magungunan sauƙaƙa wannan, kuma mafi tsananinsa kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Mai shan magungunan barci irin su diazepam da Rohypnol kuwa, ba a yanke masa su dare ɗaya, domin yana iya faɗuwa da farfaɗiya. A hankali likita ke rage masa. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira wankin jini, kuma shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin.

Mai wuyar yana farawa ne ranar sallama. Yaron zai koma unguwar da ya baro, majalisarsa na nan, mai sayar masa ya san lambar wayarsa, makaranta ta kore shi, ubangidansa a kasuwa ya ɗauki wani. A gida ana ɓoye kuɗi idan ya shigo, ana kiransa da sunan da ba iyayensa suka raɗa masa ba. Babu ƙwaya a kantar maganinmu da ke gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma ruwa, kusan daidai da yadda hawan jini da asma ke dawo wa masu su. Komawar kuma tana da haɗari na musamman: bayan an daina, jiki ya manta yawan da ya saba ɗauka, sai mutum ya sha adadinsa na da, numfashinsa ya tsaya.

Tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar gida akwai rami, kuma jami'in walwalar jama'a ne aka horar domin ya tsallakar da mutum. Shi ke zama da mara lafiya ya gano abin da ya tura shi: talauci ne, mutuwar aure ce, cin zarafin da aka yi masa yana ƙarami ne, ko kuwa aikin ƙarfi ne da yake ganin ba zai iya ba sai da ƙwaya. Shi ke tara iyali ya koya musu bambancin tausayi da sangartawa. Shi ke zuwa makaranta ya nemi a sake ba ɗalibi dama, ya haɗa wani da wurin koyon sana'a, ya bi sawun wanda ya daina zuwa ganin likita. Wannan ba hira ba ce da kowa zai iya. Ilimi ne da ake karantawa, da dabarun tattaunawa, da dokokin riƙe sirri.

Idan babu irin waɗannan mutane, ina iyaye ke nufa? Kowa ya san amsa: gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo baya aka gano makamancinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba azzalumai ba ne. Mutane ne da dabara ta ƙare musu, ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Amma mari yana tsare ƙafa ne kawai. Ranar da aka kwance shi, sha'awar na nan, an kuma ƙara mata ƙiyayya da tsoro. Addu'a da nasiha suna da babban matsayi wajen farfaɗowar mutum, sai dai ba su taɓa buƙatar sarƙa ba.

Haka nan haramta magani kaɗai bai wadatar ba. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa. Mataki ne mai kyau. Amma wanda ya riga ya kamu bai warke da jin sanarwa a rediyo ba. Idan aka toshe masa wannan hanya ba tare da an kama hannunsa ba, wata zai nema.

Kada a ce wannan tunani baƙo ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu lalurar ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya fahimci cewa mutum a cikin mutane yake warkewa. Duniya ta yaba wa wannan tsari, mu kuwa har yau muna tambayar ko aikin haɗa mara lafiya da danginsa ya cancanci digiri.

Na san hujjojin iyaye. Na farko, wai babu kuɗi a ciki. Gaskiya ne albashin bai kai na likita ba, kuma aikin yana gajiyar da zuciya. Amma wuraren aiki na nan: sashen walwala na manyan asibitoci, asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri, sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, gidajen gyaran hali, ma'aikatun mata da walwalar jama'a na jihohi, da ƙungiyoyin agaji. A ƙarshen 2022 an sanya hannu kan dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a, a farkon 2023 kuma kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Doka dai takarda ce. Sai da ƙwararru take zama aiki.

Na biyu, wai bai dace 'ya mace ta yi mu'amala da masu shaye-shaye ba. To matar auren da ke ɓoye kwalba a ƙarƙashin gado, wa za ta buɗe wa cikinta? Ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba, balle wanda bai iya harshenta ba. Muna buƙatar 'ya'yanmu mata da suka san kunya da kawaici, suka san zaman kishi da matsayin uwar miji, su zauna da ita.

Ga matashin da ke da wannan buri, ka tsaya a kansa. Digirin shekara huɗu ne, akwai shi a jami'o'i irin su ta Nsukka da ta Benin. Ka duba kundin JAMB ka ga inda ya fi maka kusa. Idan lokacin koyon aiki a aikace ya zo, ka nemi a tura ka asibitin ƙwaƙwalwa. Ka koyi sunayen magunguna da illolinsu, ka zo wurinmu ka yi tambaya. Ka kuma shirya ganin wanda ka sha wahala a kansa ya koma ruwa, ka sake farawa da shi ba tare da gori ba.

Ga iyalin da ke da mara lafiya a yau, kafin ku miƙa shi ga kowace cibiya ku yi tambaya uku. Akwai likita da ke duba shi? Za a bar ku ku gan shi, a kuma zauna da ku? Wa zai ci gaba da bibiyarsa bayan sallama? Idan babu amsar ta ukun, aikin rabi ne. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To wanda zai yi jinyar hannun sai an koya masa, kuma daga gidajenmu zai fito. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.