KATIN BASHI MAI "KYAUTA": WA KE BIYAN KUƊIN GYARAN?

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, amma abin ya tsaya mini a rai tun ranar Laraba.

Wani yaro ɗan gayu, ma'aikacin wani banki, ya shigo ofishinmu da takardu masu ƙyalli. Ya gaishe mu cikin ladabi, ya ce tunda albashinmu ta wajensu yake biyowa, mun cancanci katin bashi. Ka yi cefane da shi, ka sha mai da shi, ka sayi tikitin jirgi da shi, su kuma duk naira 100 da ka kashe su mayar maka da naira ɗaya, ga maki da za ka riƙa tarawa. Ya ce, "Yallaɓai, kana kashe kuɗi ana biyanka." Kafin ya rufe baki mutum biyu sun fara laluben biro.

Na ce masa, ƙanena, idan wata ya ƙare ban biya duka ba fa? Ya ɗan sosa ƙeya, ya juya takardar, can ƙasa inda rubutun ya yi ƙanana kamar ƙafar kiyashi: kashi 3 cikin 100 a wata. A WATA fa, ba a shekara ba.

To mu yi lissafin 'yan firamare. Ka kashe 150,000 a kan shinkafa, mai, magani da kuɗin makaranta. Kyautarka 1,500. Wata ya ƙare, an yi haihuwa a gida ko mota ta lalace, ba ka biya ba: ruwa 4,500. Wata uku a haka, 13,500, ban ma sa ruwan da ke hawa kan ruwa ba, ban sa tarar jinkiri ba, ban sa kuɗin kati na shekara ba. An ba ka 1,500 an karɓi 13,500, kuma kana ta godiya. Wannan ai da man jikinka ake soya ka.

Ban ga laifin yaron ba, aikinsa yake yi, an ɗora masa adadin mutanen da zai kawo kafin ƙarshen wata. Waɗanda nake da magana da su su ne 'yan uwana 'yan boko, waɗanda da daddare a zaurenmu na WhatsApp suka taso mini wai ni ɗan gargajiya ne, wai a Amurka kowa da katinsa, har mutane na zagaya duniya kyauta da makin da suka tara, wai muhawarar da ake yi a can ita ce wane kati ya fi ba da lada, mu kuma muna nan muna tsoron inuwarmu.

To bari mu je Amurkan, tunda can kuke so.

Gaskiya ne can abin ya samo asali. Diners Club ya fito a 1950, Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda daga baya ya zama Visa, kamfanin jirgin American Airlines kuma ya fara raba makin tafiya a 1981. Sun fi shekara 70 suna wannan harka. Me ta haifar? A 2023 bashin da Amurkawa ke ɗauke da shi a kan katunan nan ya haura dala tiriliyan ɗaya, ruwan da ake caji kuwa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Wannan a ƙasar da kuɗinta ke da daraja ke nan.

Kuma kyautar ba daga sama take faɗowa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rijiya biyu ake ɗebo ta. Ta farko, duk lokacin da aka goga kati, mai shago yana biyan wajen kashi 2 zuwa 3 na cinikin, shi kuma ba wawa ba ne, sai ya ɗora a kan farashi, kowa ya biya, har wanda ya zo da tsabar kuɗinsa. Ta biyu, ruwan da waɗanda suka kasa biya a kan lokaci ke zubawa. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da na babban bankin Amurka, sun bi diddigin wannan, suka ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 15 ne a shekara ke tashi daga hannun waɗanda ba su iya taka-tsantsan da kati ba zuwa hannun waɗanda suka iya, daga unguwannin marasa ƙarfi zuwa na masu hali. Wato wancan da kuke gani yana ɗora hoto a ɗakin hutawar manya na filin jirgi yana cewa kyauta ya samu, akwai wata mai wankin asibiti da ta biya masa. Kuma duba Turai: da Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da banki ke yanka a kan mai shago a 2015, ta ce kada ya wuce 0.3 cikin 100 a katin bashi, sai garaɓasar ta ja baya. Me ya sa? Don an toshe rijiyar.

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, a wannan wasan, ma'aikacin Jigawa wane ɓangare zai faɗa? Na masu karɓa ko na masu biya?

Ni na san amsar, don na san takardar albashina, kuma na san ta maƙwabcina. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a ƙarshen 2024, mun gode, kuma a faɗi gaskiya a jihar nan albashi na shiga a kan lokaci, abin da ma'aikatan wasu jihohi ke mafarki. Amma a wannan Disambar ta 2024 hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wa ya ƙara ganin albashinsa ya kai shi tsakiyar wata lafiya? Alat ya shigo wajen 25, kafin 5 ga sabon wata an koma kallon waya. Mutumin da ke cikin wannan hali shi za a ce zai riƙa biyan katinsa cif-cif duk wata don ya tsira daga ruwa? Haba dai. Ai shi ya sa ma suke nemansa. Wanda ke biya cif-cif ba shi ne abin farautarsu ba. Kuma tunda albashin ta hannunsu yake wucewa, ba sai sun zo ƙofar gidanka sallama ba, kafin ka ji ƙarar alat sun ɗebi nasu.

Kada kuma a manta babban bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Bankin da zai iya sayen takardun bashin gwamnati ya kwanta ya yi barci ya ci riba mai kauri, shi ne zai ba ka kuɗi ba jingina don yana ƙaunarka?

Sai maganar tafiya, wadda ta fi ba ni dariya. Malam, tafiyarmu ina ce? Dutse zuwa Kano ta Kwanar Huguma da Wudil, ta'aziyya a Gumel, ɗaurin aure a Haɗeja, sai in ofis ya tura ka Abuja ka bi motar dare don ka rage wani abu a kuɗin tafiyar. Wane direba ne a tasha zai karɓi maki? Filin jirginmu na Dutse yana nan, amma yawancinmu sai lokacin tashin alhazai muke tunawa da shi. Hajjin kuwa ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ake biya, kuma ga tsarin adashin gata da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a Kano tun 2020 ga mai son tarawa a hankali. Wa zai so ya tsaya a Arfa alhali ruwa na hawa a kan kuɗin guzurinsa?

Masu cewa katin zai yi amfani a ƙasar waje, ku tuna mana. A 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Katin da za a iya kashe masa wuta da saƙon tes guda ɗaya kana tsakiyar Jidda, shi ne abokin tafiya?

Ba zan yi rashin adalci ba. Akwai wanda katin zai yi wa rana: ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai da Guangzhou, otal na neman kati kafin ya ba shi ɗaki, kuɗinsa na ajiye, yana biya kafin wa'adi. Shi wannan ya zauna ya zaɓi katinsa, ba da shi nake ba. Amma ko shi ya fara tambayar malaminsa. Ni ba malami ba ne, sai dai na san Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a karɓi katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya fara. Sharaɗin kansa shi ne matsalar. Abin mamaki, mutumin da ba zai ci naman da yake shakkar yankansa ba, sai ka ga ya sa hannu a wannan takarda ko karantawa bai yi ba, don an ce masa "kashbak".

Wannan kalma ma ta riga ta shige mana wayoyi. Ka sayi katin waya na 1,000 manhaja ta mayar maka da 'yan nairori, ka ji daɗi. A gefe guda kuwa naira 50 na tafiya a duk tura kuɗin da ya kai 10,000, kuma tun Disamban 2024 har su OPay da Moniepoint da PalmPay abin ya shafa. Tun Maris 2025 in ka ciri 20,000 a ATM ɗin da ba na bankinka ba, 100 ce. Saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Ga na mai POS a bakin titi. Ka zauna wata rana ka tara waɗannan na wata guda, ka aza su kusa da "kyautar" da aka ba ka. Ni na yi. Ban ƙara yi ba, don hawan jini gare ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake nuna kamar mu ba mu san bashi ba, sai an koya mana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai shagon layinmu a nan Takur yana da littafi mai bangon shuɗi, sunana na ciki, sunan rabin ma'aikatan layin na ciki. Ka ɗauki taliya, sukari, omo, ya rubuta. Albashi ya shigo ka je ka biya abin da ka ɗauka, ko sisi ba ƙari. Watan da mahaifiyata ta kwanta asibiti na kasa biya, abin da ya ce mini shi ne, "Allah ya ba Hajiya lafiya, ka bari sai ka samu." Wane banki ne zai faɗa maka haka? Kuma idan ka auni gero a kasuwar Shuwarin, mai awo ya cika kwano ya ƙara maka tafi ɗaya ya ce ga gyara. Wannan ita ce kyauta: daga ribarsa ta fito, a gaban idonka, kuma ba zai biyo ka gida wata mai zuwa ya ce ka dawo da tafi uku ba. Muna da adashi, muna da ƙungiyoyin taimakon juna a ma'aikatu da ke sayo kayan azumi da ragon layya a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Ba na cewa ba su da matsala, na san adashin da ya watse, na san ma'ajin da ya yi sama da faɗi. Amma gyara su ya fi sauƙi a kan mu miƙa wuya ga wanda ba ya zuwa jana'izarmu.

Kuma mu ma mu ji kunya: mai shagon nan da ke ɗauke da mu ba ruwa, shi ne muke ɓoye wa idan albashi ya shigo, mu canza hanya. Ranar da katin ya zo, banki zai cire nasa da ƙarfi, mai littafi kuma shi zai sha jira. Ƙarshenta jarinsa ya karye, ya rufe littafin, mu rasa tudun dafawa.

Gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a Afrilun 2024, ta ce da ma'aikatan gwamnati za a fara, burinta rabin masu aiki a ƙasar nan su samu damar cin bashi kafin 2030. Idan bashin na sola ne, ko mayar da mota mai amfani da gas, ko keken ɗinki ga uwargida, abin da zai rage kashe kuɗi ko ya kawo wani, kuma ta hanyar da ba ruwa irin ta su Jaiz da TAJ da Lotus, wallahi ni ne na farko a layi. Amma bashin shinkafar da za a cinye kafin Juma'a? Idan ma'aikaci mai digiri, mai shekara 18 yana aiki, sai ya goga katin bashi kafin a ɗora tukunya a gidansa, to ba kati ya rasa ba, albashinsa ne ya mutu a tsaye. Shugabannin ƙwadago na jiha, wannan maganar taku ce. Kafin a bar kowane banki ya shigo sakatariya da fom, a tilasta masa ya rubuta ruwan shekara da manyan baƙaƙe a shafin farko, da Hausa, daidai girman yadda ya rubuta kyautar.

Yaron ya ce zai dawo Litinin ya karɓi fom. Ɗaya daga cikin biyun da suka nemi biro ya riga ya cike nasa, ya ce mini shi dai kuɗin makarantar yara ne ya taso shi gaba, kuma ba ni da abin da zan ba shi a madadin. Gaskiyarsa, ba ni da shi. Na dai roƙe shi ya bari mu je wajen shugaban ƙungiyarmu gobe da safe mu ji ko akwai abin da ya rage a asusu. Wanda ya san wata hanya ta halal da za a rufa masa asiri kafin Litinin, ya yi mini magana ta akwatin sirri.